Fom ɗin da ya ɓata wa ɗan ƙanwata rai a Belfast

Ɗan ƙanwata ya yi shekara biyu yana aikin kula da tsofaffi a Ingila, bana ya koma Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa. Bai yi mako uku da sauka ba, cikin dare na ga hoton wata takarda ya shigo mini ta WhatsApp, saƙon murya na biye da shi.

"Kawu, don Allah dubi abin da mutanen nan suke tambayata. Wai in zaɓa, ni ɗan ɓangaren Furotesta ne, ko ɗan ɓangaren Katolika, ko kuwa ba na kowanne. Ina ruwan wankan tsoho da cocin da mutum yake zuwa? Wannan ai wariya ce tun daga bakin ƙofa."

Na gane abin da ya sosa masa rai. Yaron da ya tashi a ƙasarmu, da zarar ya ga an tambayi addini ko asali a takardar neman aiki, ya san an gama da shi. Amma ni ina bayan wannan fom ɗin, kuma tun a daren na gaya masa haka. Ra'ayina shi ne, idan za a sakar wa wani yanki mara ya tafiyar da kansa, to a tilasta masa ya riƙa ƙirga waɗanda yake ɗauka aiki da waɗanda yake bari, ya baje lissafin a faifai. Sannan akwai haƙƙoƙin da ya kamata a rataye su can sama, inda hannun masu rinjaye a yankin ba zai kai ba.

Inda takardar ta samo asali

A 1921 Birtaniya ta ba Ireland ta Arewa majalisarta da gwamnatinta, waɗanda ake kira Stormont saboda wurin da ginin yake. Furotesta, masu son zama cikin Birtaniya, su ne wajen kashi biyu bisa uku na jama'a. Katolika, waɗanda akasarinsu ke son haɗewa da sauran Ireland, su ne ragowar. Jam'iyya ɗaya ta ɓangaren Furotesta ce ta riƙe mulki tun daga 1921 har 1972, ba ta taɓa faɗuwa zaɓe ba.

Dokar 1920 da ta kafa majalisar ta hana ta yin duk wata doka da za ta fifita wani ko ta danne wani saboda addini. A rubuce yake. Kuma ba su cika buƙatar karya ta ba, domin wariya ba sai da doka ake yin ta ba. A teburin mai ɗaukar aiki ake yin ta, da wajen rabon gidaje, da wajen shata iyakar mazaɓa.

Ɗauki birnin Derry. Katolika sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma aka yanka mazaɓun ta yadda aka cusa mafi yawansu cikin guda ɗaya. Cikin kansiloli 20, ɓangaren Furotesta ke samun 12, a bar wa masu rinjaye 8. Kuma a zaɓen ƙaramar hukuma, mai gida ko wanda ya kama haya da sunansa, da matarsa, su kaɗai ke da ƙuri'a. Saurayi ɗan shekara talatin da ke zaune gidan ubansa ba shi da ita. Ashe ke nan duk gidan gwamnati da aka ba Bakatolike, ƙuri'a biyu aka ba shi. Sai rabon gida ya koma aikin siyasa.

A watan Yunin 1968, a wani ƙauye mai suna Caledon, aka ba wata budurwa 'yar Furotesta mai shekara 19 gidan gwamnati, alhali ga magidanta Katolika da 'ya'yansu suna jira. Wani ɗan majalisa, Austin Currie, ya shiga gidan ya zauna don nuna ƙin yarda. Ranar 5 ga Oktoban wannan shekara 'yan sanda suka lakaɗa wa masu zanga-zangar neman haƙƙi dukan tsiya a Derry, duniya ta gani a talabijin. Abin da ya biyo baya shi ne rikicin shekara talatin da ya ci rayuka sama da 3,500.

Wajen aiki kuwa ba a ma ɓoye-ɓoye. A 1933 Basil Brooke ya tsaya gaban taro ya ce shi ba shi da Bakatolike ko ɗaya a cikin masu yi masa aiki, ya roƙi jama'arsa su riƙa ɗaukar samari da 'yan matan Furotesta. Bayan shekara goma ya zama Firimiyan yankin, ya yi shekara ashirin a kai. A Harland and Wolff, ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ta ƙera Titanic, Katolika 'yan ɗaruruwa ne cikin ma'aikata kusan dubu goma. Ba sai an tambaye ka addininka ba. Sunanka, da makarantar da ka yi, da unguwarku sun riga sun faɗa.

"Tambayar ita kanta wariya ce"

Wannan ita ce hujjar ɗan ƙanwata, kuma ita ce ta fi saurin shiga kunne. Idan ana son a daina duba addini, me ya sa ake tambayarsa?

Sun gwada hanyar da ba tambaya. A 1976, lokacin Landan ta riga ta rufe Stormont tana mulkin yankin kai tsaye, aka yi doka da ta haramta wariyar addini da ta ra'ayin siyasa wajen ɗaukar aiki. Kamfanoni suka yi ta sa hannu a takardar alƙawarin yin adalci. Shekara goma bayan haka, magidanci Bakatolike har yanzu ya ninka ɗan Furotesta fiye da sau biyu wajen yiwuwar zaman kashe wando. Kowane mai kamfani ka tambaya sai ya rantse shi cancanta kawai yake dubawa, kuma ba mai iya ƙaryata shi, tunda ba wanda ya riƙe lissafi.

Ka yi tunanin mai gida da mata biyu, wanda kullum yake rantsuwa bai san mowa da bora ba. Wataƙila ma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Ranar da za a zauna a lissafa turmi nawa ya shiga kowane ɗaki a shekara, ranar ce magana za ta fito.

Abin da dokar 1989 ta yi ke nan, bayan matsin lamba daga Amurka, inda 'yan asalin Ireland suka yi ta kiran kamfanoni su bi ƙa'idojin MacBride na 1984 kan adalci wajen ɗaukar aiki. Yau duk mai ɗaukar ma'aikata fiye da goma dole ya yi rajista da Hukumar Daidaito ta yankin. Kowace shekara ya aika mata adadin ma'aikatansa na kowane ɓangare. Duk shekara uku ya zauna ya binciki yadda yake ɗauka da yadda yake ƙarin girma. Wanda ya yi taurin kai ana iya hana shi kwangilar gwamnati da tallafinta. Fom ɗin kuma ba ya zuwa gaban masu yi maka tambayoyin ɗaukar aiki, ware shi ake yi daban.

A 1990 Katolika wajen kashi 35 cikin 100 ne na ma'aikatan da ake ƙirgawa. Yanzu kusan rabi da rabi ne. Ba zan ce fom ne kaɗai ya yi wannan ba, don yawan Katolika ya ƙaru, sun yi karatu, tsofaffin masana'antun da Furotesta suka mamaye kuma sun mutu. Amma mai kamfanin da ya san cewa ƙarshen shekara wani zai ga cikin ma'aikatansa 200 guda 6 ne kawai daga ɗaya ɓangaren, ba zai yi barci irin na wanda ba mai dubawa ba.

Ga kuma wani abu da yaron bai sani ba. Dokar da ta haifi fom ɗin ita ce ke kare shi a matsayinsa na Musulmi. Tun 1976 laifi ne a hana mutum aiki saboda addininsa a Ireland ta Arewa. Ingila da ya baro ba ta samu irin wannan dokar ba sai a 2003.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo"

Wannan karin maganar ita ce makamin duk mai neman a ba yanki iko, kuma gaskiya ce a abubuwa da yawa. Hanya, asibiti, makaranta, noma: na kusa ya fi na nesa sanin inda matsalar take. Ni ma ina goyon bayan a bar wa yankuna waɗannan.

Sai dai mai ɗaki, ban da sanin inda yake yoyo, ya kuma san wa zai kwantar a ƙarƙashin yoyon. Ma'aikacin da ke Landan bai san wace unguwa ce ta Katolika a Derry ba, bai san wane suna ne na wane ɓangare ba. Kansilan garin kuwa ya san kowa har kakansa. Wannan sanin da muke yabo, shi ne kayan aikin wariya. Kusanci na kawo sauƙin isa ga mai mulki idan kai nasa ne. Idan kai ne ɗan bora, kusancin nan na nufin ba ka da wurin ɓuya.

Shi ya sa da aka zo mayar wa Stormont iko bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilun 1998, ba a miƙa shi haka siddan ba, sai da aka ɗaɗɗaure shi. Duk dokar da majalisar yankin ta yi wadda ta saɓa wa yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ɗan Adam, kotu za ta ce ba doka ba ce. Sashe na 75 na dokar da ta kafa sabuwar majalisar ya wajabta wa kowace hukumar gwamnati ta duba yadda aikinta zai shafi mutane ta fuska tara, ciki har da addini, launin fata, shekaru, naƙasa, da kasancewa mace ko namiji. Kujerar shugabancin yankin kuma aka raba ta biyu, ɗaya ba ya iya sa hannu sai da ɗaya. Rabon gidaje ma tun 1971 aka ƙwace shi daga hannun kansiloli aka damƙa wa hukuma guda mai bin maki.

"To ita gwamnatin tsakiyar waliyyiya ce?"

Ko kusa. Shekara kusan hamsin majalisar Landan tana da cikakken ikon tsawata wa Stormont, amma ta ɗauki al'adar cewa ba a tattauna harkokin cikin gidan Ireland ta Arewa a zaurenta. Ɗan majalisa ya tashi da ƙorafi, a ce masa wannan ba hurumin nan ba ne. Sai da jini ya zuba kafin ta waiwayo. Da ta waiwayo ɗin ma, sojojinta ne suka harbe mutum 13 a Derry ranar 30 ga Janairun 1972, na 14 ya rasu daga baya, kuma sai a 2010 Firaminista David Cameron ya nemi gafara.

Don haka ba cewa nake a amince wa tsakiya ido rufe ba. Cewa nake kada mai rabo ya zama shi ne kuma alƙalin rabon. Ko kotu ce, ko hukuma mai zaman kanta, ko yarjejeniyar da ta fi ƙarfin majalisar yankin, dole a samu ƙofar da wanda aka zalunta zai ƙwanƙwasa wadda makullinta ba ya aljihun wanda ya zalunce shi.

Maganar cancanta

Nan ne na fi jin nauyin hujjar masu suka. Rundunar 'yan sandan yankin ta dā, RUC, Katolika wajen kashi 8 cikin 100 ne kawai a cikinta. Bayan rahoton kwamitin Chris Patten na 1999 aka sauya mata suna da fasali a 2001, aka ce cikin duk waɗanda suka ci jarrabawar shiga, rabi za a ɗauka Katolika, rabi waɗanda ba Katolika ba. Musulmi ma da ya nema, cikin rabi na biyu za a saka shi.

Babu shakka an samu samarin Furotesta da suka ci jarrabawa aka ce su koma gida saboda gurbin ɓangarensu ya cika. Wannan ciwo ne, kuma yaron da aka yi wa haka ba shi ya yanka mazaɓun Derry ba. Amma abu biyu suka sa nake ganin an yi daidai. Ba a ɗauki wanda ya faɗi jarrabawa ba. Kuma an sa wa tsarin wa'adi, aka daina shi a 2011 lokacin da Katolika suka kai wajen kashi 30. Ɗan sandan da rabin gari ke kallonsa a matsayin sojan abokan gaba, duk cancantarsa, ba mai kawo masa rahoton ɓarawo.

Inda ɗan ƙanwata yake da gaskiya

Fom ɗin gida biyu ya sani. Kowa kuma, Musulmi ne ko Bahinde ko wanda ba ruwansa da addini, a jefa shi akwatin "ba na kowanne". Har suna da barkwanci a can, wai mutum ya ce shi Musulmi ne, aka ce masa mun ji, amma Musulmin Furotesta ko Musulmin Katolika? Ƙidayar 2021 ta nuna cikin mutum miliyan 1.9, kashi 45.7 Katolika ne ko a gidan Katolika suka tashi, kashi 43.5 na ɓangaren Furotesta da sauran Kiristoci. Musulmi sun ɗan haura dubu goma. Tsarin da aka gina don sasanta manyan gidaje biyu bai cika ganin na uku ba.

Kuma a nan ne miƙa iko ya nuna ramarsa. A Scotland da Wales, Landan ta riƙe babbar dokar daidaito a hannunta, shi ya sa dokar 2010 da ta tattara duk dokokin hana wariya wuri ɗaya ta shafe su tare da Ingila. Ireland ta Arewa kuwa an bar wa Stormont wannan hurumin. An fara maganar yin tata dunƙulalliyar doka tun farkon shekarun 2000, har yau shiru. Dokar hana wariyar launin fata ma, wadda Birtaniya ta fara a 1965, sai 1997 ta iso can. Kundin haƙƙoƙi na yankin da yarjejeniyar 1998 ta yi maganarsa, an miƙa shawara a kansa a 2008, yana nan a aljihun tebur.

Na ce wa yaron ya lura da wannan: tsofaffin da ya yi wa hidima a Ingila, tun 2012 doka ta hana a wulaƙanta su saboda shekarunsu wajen saye da sayarwa ko neman wata hidima. Waɗanda yake yi wa yanzu a Belfast ba su da wannan kariyar. Ƙasa ɗaya, fasfo ɗaya, tafiyar jirgi ta awa guda.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Gwamnatin da sai kowane ɓangare ya yarda take motsi, kowane ɓangare na iya taka mata burki. Daga Janairun 2017 zuwa Janairun 2020 babu gwamnati a Stormont, sannan daga Fabrairun 2022 zuwa Fabrairun 2024 aka sake rufe shago. Shekara biyar cikin bakwai. Idan giwaye biyu na rigima a kan tuta da harshe, wa zai tuna da tsohuwa ko baƙo?

A 2014 wani fasto a Belfast ya yi wa Musulunci mummunan ɓatanci a wa'azinsa. Shugaban gwamnatin yankin na lokacin, Peter Robinson, ya kare shi, har ya ce shi zai iya amince wa Musulmi ya aike shi kanti. Sai da aka yi masa ca kafin ya je cibiyar Musulunci ta Belfast ya ba da haƙuri. A watan Agustan 2024 kuma 'yan daba suka ƙona shagunan baƙi a kudancin birnin, har da gidan shayin wani ɗan Sudan. Wannan ba dalilin yaga fom ba ne a wurina. Dalili ne na ƙara masa layuka, a fara ƙirga baƙar fata da Musulmi da sauran baƙi da irin tsananin da ake ƙirga gidajen nan biyu.

Gemun maƙwabci

Ban so in ja maganar zuwa gida ba, amma akwai igiyar da ta haɗa mu. A 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink don sauraron tsoron ƙananan ƙabilun Najeriya game da gwamnatocin yankunan Arewa, Yamma da Gabas. Bai ba su sababbin jihohin da suka nema ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, kuma daga wannan yarjejeniyar ta Turai da ta ɗaure Stormont a yau aka kwaikwayo su. Jikan wancan babi shi ne sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila, addini, ko wurin da ya fito.

A rubuce yake, kamar dai dokar 1920. A aikace kuwa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ce ke yanke hukunci. Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos ya san wannan, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano ma ya sani. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu ma Ibo ne 'yan'uwansu na jihohin maƙwabta. Laifi tudu ne, kowace jiha ta taka nata tana hango na wata.

Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi, kuma da halin tsaron da muke ciki ban ga laifin mai nema ba. Amma dattawan da suka ga yadda 'yan dokan En'e suka yi da 'yan NEPU suna nan da ransu. Kafin in ɗaga hannu ina so in ji wa zai ƙirga waɗanda gwamna ya ɗauka, a ina za a buga lissafin kowa ya gani, kuma wanda ba shi da takardar asali, in ɗan sandan jiha ya mare shi, gaban wa zai kai kuka.

Washegari da yamma yaron ya sake kira. Ya ce ya sa alama a akwati na uku, ya liƙe fom ɗin a ambulan ɗinsa daban kamar yadda aka ce, matar da ta yi masa tambayoyi ko kallonsa ba ta yi ba. Har yanzu dai bai gamsu ba, ya ce shi bai ga dalilin da za a kira shi "ba na kowanne" ba alhali yana da addininsa. Sai kuma ya yi dariya.

"Kawu, ka tuna tafiyar da muka yi lokacin da zan shiga jami'a?"

Na tuna. A garin da aka haife shi aka yanke masa cibi, aka ce ba za a ba shi takardar asali ba. Muka kwana a mota zuwa ƙaramar hukumar kakansa, garin da bai taɓa shan ruwansa ba, muka yi kwana biyu muna neman mai unguwar da zai shaida ya san gidansu.